Edita a Kano: inda ake samo ilimi, kayan aiki da labarin sana'a a intanet

Yawancin darussan tace fim da ke intanet an shirya su ne domin mutumin da ke zaune a Amurka ko Turai. Wutarsa ba ta ɗaukewa, datarsa ba ta ƙarewa a tsakiyar aiki, jaruman da yake gyara wa kala farare ne, maganar da yake tacewa kuma Turanci ce. Editan da ke aiki a wani ofis a Zoo Road, ko a ɗakinsa a Gwammaja ko Hotoro, yana iya amfana da wannan ilimi sosai, amma fa sai ya san wanda zai ɗauka yadda yake, da wanda sai ya canza masa lamba kafin ya yi aiki a nan. Kuma duk abin da ka gani a intanet, ka fara gwada shi a kan tsohon aikin da aka riga aka biya ka, kada ka gwada shi a kan kashin da furodusa ke jira ranar Juma'a.

Ka fara daga wajen masu manhajar

Kafin ka bi masu koyarwa a YouTube, ka je shafin kamfanin da ya yi manhajar da kake aiki da ita. Kamfanin Blackmagic Design, masu DaVinci Resolve, suna da sashen horarwa a shafinsu inda suka ajiye littattafai na PDF kyauta: na masu farawa, na yanka da haɗawa, na gyaran kala, na sauti a sashen Fairlight, da na ƙawata hoto a sashen Fusion. Kowane littafi na tafe da hotunan gwaji da za ka sauke ka bi darasin da hannunka, akwai kuma jarrabawa ta intanet ga mai son takardar shaida. Littafin kansa ba shi da nauyi, hotunan gwajin ne ke kai gigabait da yawa, don haka mutum ɗaya ya sauke, sauran 'yan ofis su kwafa a filash. Adobe ma na da darussa da shafin taimako na manhajarsu ta Premiere, kuma a nan ne suke jera matsalolin da suka sani a kowane sabon zubi na manhajar. Wannan jerin ya fi darussan amfani, za mu dawo kansa.

Resolve iri biyu ne, kuma rashin sanin bambancinsu na ɓata wa mutane dare guda a banza. Na kyauta yana yanka, yana gyara kala, yana haɗa sauti, yana fitar da aiki har girman 3840 da 2160 ba tare da wani tambari a kan hoton ba. Na kuɗi, wato Studio, dala 295 ne, sau ɗaya ake biya, kuma lambar lasisi ɗaya na aiki a kwamfuta biyu. Abubuwan da ke cikin Studio kaɗai sun haɗa da babban mai rage ƙuraje a hoton dare, da mai kashe walƙiyar fitila, da mai ware muryar mutum daga hayaniya. Idan mai darasi ya danna wani abu kai kuma ka danna ka ga an rufe maka ko tambari ya hau hoton, ba kwamfutarka ce ta lalace ba. Sannan a Windows, na kyauta ba ya buɗe wasu hotuna masu zurfin kala bit 10 da kyamarorin Sony da Panasonic na zamani ke ɗauka: sauti zai fito, hoto ya ƙi. Maganinsa shi ne a juya fayil ɗin zuwa DNxHR, wani tsarin bidiyo da Resolve ke buɗewa, kafin a shigar da shi. Wani abin da ake mantawa: kyamarorin fim na Blackmagic suna zuwa da lasisin Studio a cikin kwalinsu. Idan kamfaninku na da irinta, a nemo kwalin a duba.

Premiere kuwa haya ce ta wata-wata da dala, kuma biyan dala da katin naira ya daɗe yana ba mutane wahala. Wannan ne ya sa kirak, wato manhajar da aka fasa don a yi aiki da ita ba biya, ya cika gari. Hatsarin kirak ba a manhajar ya tsaya ba. Masu ɗora shi sukan cusa masa ɓarawon da ke kwashe bayanan shiga da ke ajiye a burauza, kuma da waɗannan bayanan ake ƙwace tashar YouTube ba tare da an nemi kalmar sirri ba. Haka ma saƙon imel da ke cewa wani kamfani na son ba ku talla, a sauke wani fayil a ga sharuɗɗa. Google da kansa ya yi gargaɗi a kan wannan dabara tun 2021. Kwamfutar da ake shiga tashar kamfani da ita kada a sa mata kirak, kada a buɗe baƙon fayil a kanta. Tashar da aka shekara biyar ana tara wa mabiya tana iya tafiya a dare ɗaya. Wanda ba zai iya hayar Premiere ba, Resolve na kyauta ya ishe shi fim mai dogon zango daga farko har ƙarshe. Idan kwamfutar ba ta da katin hoto mai ƙarfi, Kdenlive da Shotcut kyauta ne, kuma sun fi sauƙin ɗauka.

Ƙananan manhajoji huɗu da bai kamata teburin edita ya rasa ba

MediaInfo ita ce ta farko. Ba ta gyara komai, gaya maka kawai take yi abin da ke cikin fayil: kodek, wato tsarin da aka matse hoton da shi, girman hoto, yawan firam a daƙiƙa, bit nawa ne, sauti a kan kilohez 48 yake ko 44.1. Duk katin da aka kawo daga lokeshan, ka buɗe fayil ɗaya daga kowace kyamara a cikinta kafin ka ƙirƙiri furojet. Layin da za ka fi zuba wa ido shi ne Frame rate mode. Idan ya ce Variable, hoton ba ya tafiya a kan firam tsayayye. Wayoyi da manhajojin ɗaukar fuskar kwamfuta haka suke ɗauka. Alamarsa ita ce a farkon fitowa baki da murya sun dace, bayan minti biyar ko goma murya ta riga baki ko baki ya riga murya, ka ja ka daidaita nan, can ya goce.

HandBrake ce ke maganin wannan. Ka shigar da fayil ɗin, a sashen Video ka zaɓi yawan firam, ka danna Constant Framerate, ka sa lambar inganci tsakanin 18 da 20, ka fitar. A kula da abu ɗaya. Idan wayar ta ɗauka a firam 30, kada ka tilasta masa 25 a nan, domin manhajar zubar da firam biyar take yi a kowace daƙiƙa, sai motsi ya riƙa tsalle, musamman inda kyamara ke juyawa. Ka bar shi a 30 tsayayye. Idan hoton ba shi da magana, kamar hoton titi ko na sama da aka ɗauka da jirgi marar matuƙi, ka gaya wa manhajar tacewa ta karanta shi a matsayin 25. Zai ɗan yi sanyin tafiya, kashi 83 cikin 100 na saurinsa, amma zai tafi sumul.

Shutter Encoder ita ce ta juya fayil zuwa DNxHR ko ProRes, da yin furoksi, wato ƙaramin kwafi marar nauyi da ake yanka da shi kafin a mayar da na asali lokacin fitarwa. Ka san lissafin wuri kafin ka fara: awa guda na ProRes 422 a girman 1080 da firam 25 yana cin kusan gigabait 55, na Proxy kuma kusan 17. Furoksi dole ya riƙe sunan fayil na asali da yawan firam ɗinsa da adadin layukan sautinsa. Da ɗaya ya saɓa, ranar mayarwa za ka sha wahala.

Ta huɗu Subtitle Edit ce, ta rubutun ƙasan allo. A nan matsalarmu ta daban ce, ba za ka ji ta a bakin masu darasin waje ba: haruffa masu ƙugiya. Ka ajiye fayil ɗin rubutun, wato SRT, a tsarin UTF-8, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya ko wasu baƙin alamu a wayar mai kallo. Haka nan sunayen da ke fitowa a farkon fim da ƙarshensa. Font, wato salon haruffa, da yawa masu kyan gani ba su da waɗannan haruffa, sai manhaja ta aro su daga wani font, ka ga Ɗ ɗin da ke farkon suna siririya sauran haruffan masu kauri, ko ta bar akwati fanko a wurin. A shafin Google Fonts akwai wurin da ake rubuta kalmar gwaji: ka rubuta ƙ ɗ ɓ Ƙ Ɗ Ɓ ka ga waɗanda suka fito daidai kafin ka sauke. Noto Sans da Noto Serif suna da su, haka Andika da Charis na ƙungiyar SIL, kuma lasisinsu ya yarda a yi aikin kasuwanci da su. Rubutun ƙasa kada ya wuce layi biyu, kowane layi kusan harafi 40, kuma ya tsaya a allo aƙalla daƙiƙa guda. Manhajojin da ke saurare su rubuta magana da kansu, irin su Whisper, sun sa Hausa a jerin harsunansu, amma kurakuransu na da yawa, balle inda jarumi ya yi karin magana ko aka yi cacar baki. Suna taimakawa wajen yanka lokaci, rubutun kuwa sai an bi shi layi-layi.

Lambobin da ba namu ba

Nan ne aka fi yin ɓarna. Wutar Nijeriya a kan hez 50 take, wato sau 50 take juyawa a daƙiƙa, talabijin ɗinmu kuma tsarin PAL ya gada, firam 25. Amurka hez 60 ce, shi ya sa mai darasi daga can zai ce ka sa 23.976 ko 29.97. Idan aikin gidan talabijin ne a nan, ko fim ɗin da ake sa ran wata tasha za ta saya nan gaba, 25 za ka sa, kuma ka gaya wa mai kyamara tun kafin a fita: firam 25, shata, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske, 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa. Wanda ya ɗauki fitowar cikin ɗaki a firam 30 da shata 1/60 ƙarƙashin fitilun gida, zai kawo maka hoto mai walƙiya ko mai layuka suna gangarowa. Idan da janareto ake aiki abin ya fi rikicewa, domin ƙaramin inji ba ya tsayawa cak a 50, yana hawa yana sauka gwargwadon kayan da aka ɗora masa. Gyara a tebur rage abin kawai yake yi. A Resolve kuma ka tuna cewa da zarar ka shigar da hoto, yawan firam na furojet ya kulle. Sai dai ka buɗe sabon tayimlayin, wato layin da ake jera hotuna a kai, da saitinsa na daban. Ka saita kafin ka shigar da komai.

Wannan hez 50 ɗin na nan a sauti ma. Gurnanin da ke shiga makirfo daga waya marar kyau ko caja yana zaune ne a 50, da 'ya'yansa a 100 da 150 da 200. Mai cire gurnani na Premiere da na Fairlight duk suna da wurin zaɓa. Idan ka bar shi a 60 kamar yadda ka gani a darasi, zai rage wa murya kauri ya bar gurnanin yana nan daram. Ka kuma yanke duk abin da ke ƙasa da hez 80 a layin magana, babu muryar da ke da amfani a can. Ƙarar injin kansa da ke shigowa ta taga ba gurnanin waya ba ce, mai cire gurnanin ba ya kama ta. Akwai shafin Adobe Podcast da ake ɗora murya ya wanke ta, yana kuma ba da mamaki, sai dai da Turanci ya fi sabawa. Idan hayaniyar ta yi yawa yakan tauna kalmomin Hausa, ya haɗiye ƙarshen kalma ko ya mayar da ita wani abu mai kama da Turanci. Ka ɗora wankakken a layi ɗaya, na asali a layin ƙasa, ka gauraya su, sannan wanda bai san labarin ba ya saurara ya gaya maka abin da ya ji an faɗa. Abin da bai gyaru ba a kira jarumi ya sake ɗora murya.

Ƙarfin sauti ma da lamba ake auna shi, ba da kunne kaɗai ba. Ma'aunin gidajen talabijin na Turai, EBU R128, ya tsaya a 23 ƙasa da sifiri a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, ƙololuwa kada ta haura 1 ƙasa da sifiri. YouTube kuwa yana rage duk abin da ya fi kusan 14 ƙasa da sifiri ƙarfi. Wato kashi guda da za a nuna a talabijin a kuma ɗora a YouTube, fitarwa biyu yake buƙata. Youlean Loudness Meter na da zubi na kyauta, Fairlight ma na da nasa ma'aunin a ciki. Kafin ka kai aiki Arewa24 ko ARTV ko NTA, ka nemi takardar ƙa'idar karɓar aiki daga sashen injiniyoyinsu: wane kodek, wane girma, tsawon minti nawa, ina za a bar gurbin talla. Kada ka ɗauka abin da wata tasha ta karɓa shi wata za ta karɓa. Bayan duk ma'auni, ka tura fitowa ɗaya zuwa ƙaramar waya ka saurara da lasifikarta a bakin titi, domin a haka yawancin masu kallonka za su ji shi. Kiɗan da ya zauna daidai a hedifon yakan danne magana a waya.

Sai LUT, wato fayil ɗin da ake ɗora wa hoto ya ba shi kala. Intanet cike take da na kyauta, ɗari-ɗari a ƙunshi guda, kuma yawancinsu a kan farar fata aka gwada su. A kan baƙar fata sukan mayar da fuska toka-toka ko ja kamar manja, su toshe inuwa har ido ya ɓace. Idan an ɗauki hoto a log, wato salon ɗauka mai dusasshiyar kala da ake gyarawa daga baya, ka fara sauke LUT na kamfanin kyamarar daga shafinsu: Sony na da na S-Log3, Canon na da na C-Log, Panasonic na da na V-Log, duk kyauta, duk suna mayarwa Rec.709, wato kalar talabijin da aka saba gani. Ka daidaita haske da farin hoto, wato white balance, kafin LUT, ba bayansa ba. Ka buɗe vectorscope, ma'aunin kala da ke cikin manhajar, ka kunna layin fata. Fatar ɗan Adam, baƙa ko fara, kusa da wannan layin take faɗawa, haske ne ke bambanta. Abu biyu na nan gida da za ka riƙa lura da su: farar shadda a rana tsaka tana ƙonewa tun kafin fuska ta samu hasken da ya ishe ta, don haka sai an ware fuska an ɗaga ta ita kaɗai, hoton lokacin hunturu kuma hazo na kashe masa kaifi ya sa shi fari-fari, idan an haɗa shi da fitowar da aka ɗauka da damina sai an sauke baƙinsa an ɗan ƙara masa kala kafin su yi kama da rana ɗaya.

Kiɗa da ƙarar abubuwa

Ɗauko kiɗan ƙasa daga fim ɗin Indiya ko na Turkiyya tsohuwar ɗabi'a ce da zamanin faifai ya ɗauke wa kai, YouTube kuwa ba ya ɗauke kai. Na'urarsa ta Content ID na gane kiɗa ko da daƙiƙoƙi kaɗan ne a ƙarƙashin magana. Abu biyu ne ke iya biyo baya, kuma ba ɗaya suke ba. Da'awa tana karkatar da kuɗin tallan bidiyon zuwa ga mai kiɗan ko ta toshe shi a wasu ƙasashe. Gargaɗin haƙƙin mallaka kuwa, wanda ke zuwa idan mai abu ya nemi a sauke bidiyon, idan ya kai uku cikin kwana 90 ana iya rufe tashar baki ɗaya. Saboda haka ka ɗora kowane kashi a ɓoye tun kwana guda kafin ranar saki, ka bar shi ya gama bincikensa, in akwai da'awa zai nuna maka daidai mintin da take, ka canza kiɗan ka sake ɗorawa.

Inda ake samun na halak: ɗakin kiɗa na YouTube da ke cikin YouTube Studio kyauta ne, wasu waƙoƙin dai sai ka rubuta sunan mai su a bayanin bidiyo. Freesound na da ƙarar ƙofa, taku, ruwan sama, mota, amma kowane fayil da lasisinsa. CC0 ka yi yadda ka so. BY sai ka ambaci mai shi. Mai NC ba a yarda a nemi kuɗi da shi ba, kuma fim ɗin da ke da talla neman kuɗi ne. Rumbun sautukan BBC na da dubban sautuka masu kyau, sai dai kyautarsa ta karatu ce da amfanin kai, na kasuwanci saye ake yi. Pexels da Pixabay na ba da hotunan bidiyo kyauta. Duk abin da ka sauke, ka ɗauki hoton shafin lasisinsa ka ajiye a jaka ɗaya da fayil ɗin, ranar jayayya shi ne shaidarka.

Gaskiyar magana, sautin Kano ba ya cikin waɗannan rumbuna. Titin da za ka samu a can babu ƙarar adaidaita sahu, kasuwarsu ba ta yi kama da Kwari ko Kurmi ba. Ka ari rikoda ka ɗauki minti uku-uku: titi da safe, titi da dare, tsakar gida da kaji, cikin kasuwa daga nesa yadda ba a gane maganar kowa, ruwan sama a kan kwano. Ka sa musu suna da wuri da lokaci. Kiɗa kuwa, ɗakunan kiɗa sun yi yawa a gari. A biya mai kiɗa ya yi na fim ɗin, a rubuta yarjejeniya cewa ba zai yi masa rajistar Content ID a bayan idonku ba, domin hakan na faruwa, ka ga an yi wa fim da'awa a kan kiɗan da aka biya kuɗinsa.

Labarin sana'a, da lokacin da bai kamata a sabunta manhaja ba

Ba sai ka bi shafi hamsin ba. ProVideo Coalition na kawo labarin manhajojin tacewa da gwajinsu. CineD da Newsshooter na kyamara ne, suna da amfani domin abin da suka nuna bana shi za a kawo maka a kati baɗi. Puget Systems na gwada kwamfutoci da katunan hoto a kan Premiere da Resolve su fitar da sakamako. Ka duba su kafin ka je Beirut Road ko ka ba da saƙon kwamfuta daga waje, kada mai shago ya zaɓa maka. Don sanin yadda manyan editoci ke tunani a kan yanka, akwai hirarrakin Art of the Cut na Steve Hullfish, da mujallar CineMontage ta ƙungiyar editocin Amurka. Waɗannan sun fi darasin danna nan danna can daɗewa a kai, domin magana suke a kan dalilin da ya sa aka yanke a nan ba a can ba, da yadda ake zama da darakta. Ka tara su duka a Feedly, manhajar da ke tattara labaran shafuka wuri ɗaya, ka riƙa dubawa sau ɗaya a mako. Manyan sanarwa lokaci biyu suke fitowa a shekara: bajekolin NAB a Las Vegas cikin Afrilu, da IBC a Amsterdam cikin Satumba.

A waɗannan watannin ne hannu ke ƙaiƙayin sabuntawa. Kada ka sabunta manhaja a tsakiyar zango. Furojet ɗin da aka ajiye a sabon Premiere ba ya buɗuwa kai tsaye a tsoho, rumbun furojet na Resolve ma idan aka ɗaga shi zuwa babban sabon zubi ba ya komawa baya. Idan editoci uku ne a kan fim ɗaya, ɗaya ya sabunta, ya raba kansa da sauran ke nan. Zubin gwaji, mai Beta a sunansa, ba na aikin kuɗi ba ne. In an gama zango, ka fitar da kwafin furojet, ka kwafi rumbun, ka ajiye fayil ɗin girka tsohon zubin, ka karanta jerin matsalolin da aka sani, sannan ka sabunta. Mai katin Nvidia ya sauke direban Studio, ba na masu wasan gem ba.

Labarin gida ma aikin edita ne, domin a teburinsa ake cire abin da aka hana. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana buƙatar a kai mata fim kafin a sake shi, har da na YouTube. A watan Mayun 2025 ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 a kan rashin kai su tacewa. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa ma ta fitar da ƙa'ida a 2024 a kan nuna shan taba da tsafin kuɗi. Ka bi shafukan hukumomin da na ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN, da mujallar Fim, da sashen nishaɗi na Aminiya da BBC Hausa. Sanarwar da ta zo ta WhatsApp ba tare da takarda mai sa hannu ba, a tabbatar kafin a yanke fitowa saboda ita. Kuma ka riƙa ajiye kwafin aiki mai layuka a rabe, magana daban, kiɗa daban, rubutu daban, yadda in an ce a cire minti guda ba sai an warware kashin duka ba.

Idan abu ya lalace, yadda ake nema ke raba mai samun amsa cikin minti goma da mai kwana a kai. Ka kwafi saƙon kuskuren harafi da harafi yadda ya fito a allo, ka ƙara sunan manhaja da lambar zubinta da sunan katin hotonka, ka taƙaita sakamakon zuwa shekara guda da ta wuce. Amsar 2018 na iya nuna maka maɓallin da aka daɗe da cirewa. Idan Premiere ta tsaya a tsakiyar fitarwa, saƙon yakan faɗi daidai lokacin da ta tsaya. Ka je wurin a tayimlayin, galibi hoto ne mai girman gaske, ko fayil ɗin waya, ko wani fulogin, wato ƙarin kayan aiki da aka girka wa manhajar. In za ka tambayi wani, ka haɗa masa da bayanin MediaInfo da girman RAM ɗinka. "Resolve ɗina ya ƙi yi" ba tambaya ba ce da wani zai iya amsawa.

Data da tura aiki

Darasi a 360 ɓarnar data ne tunda ba za ka iya karanta rubutun manhajar ba. 720 ya isa. Manyan abubuwa, kamar fayil ɗin girka Resolve da ya haura gigabait 2, a bar su sai datar dare, kuma a sauke da manhaja irin Free Download Manager wadda ke ci gaba daga inda ta tsaya in sabis ya yanke ko an ɗauke wuta.

Wajen ɗorawa, YouTube ya ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga hoton 1080 mai firam 25, a H.264, sauti AAC a kan 48. Lissafinsa: kashi mai minti 45 daƙiƙa 2,700 ne, sau 8, a raba da 8, ya ba da kusan gigabait 2.7. Idan saurin ɗorawarka megabit 5 ne, awa ɗaya da kusan minti 12 ke nan in sabis bai yi wasa ba. Wanda ya fitar da kashin a megabit 40 zai kwana yana ɗora gigabait 13 da rabi, YouTube kuma ya sake matse shi. Inda ƙarin ke da amfani shi ne fim mai yawan fitowar dare ko hazo, nan ka ɗaga zuwa 12 ko 15 don kada duhu ya farfashe. Babban kwafi mai nauyi na ajiya ne, a rumbu biyu daban, ɗaya ba a ofis ba. Filash ɗin da ya ƙi karɓar fayil da ya wuce gigabait 4 alhali da wuri a cikinsa, a tsarin FAT32 yake. A kwashe abin ciki a mayar da shi exFAT.

Kwafin da za a tura wa darakta ya duba kuwa, 720 a megabit 2 ya wadatar, minti 45 bai kai megabait 700 ba. Ka ƙona lambar lokaci a kusurwar hoton yadda zai ce maka "minti 12 da daƙiƙa 40", maimakon "wajen da Hajiya ta shigo". Ka kuma rubuta sunan wanda aka tura wa a tsakiyar hoton, dishi-dishi, kowa da nasa kwafin. In ya ɓulla a Telegram kafin ranar saki an san ta hannun da ya fita. A WhatsApp ka tura shi a matsayin takarda, ba ta gurbin hotuna ba, domin ta gurbin hotuna matse shi yake yi har kala ta canza, darakta ya kira yana faɗa a kan laifin da babu shi a aikinka. WhatsApp da Telegram duk suna ɗaukar fayil har gigabait 2 ta wannan hanya, Google Drive kuma na ba da gigabait 15 kyauta, amma da imel ɗinka da hotunanka ake raba su, don haka a buɗe wa kamfani nasa asusun daban, a sa masa tabbatarwa mai mataki biyu, a kuma ba da izinin kallo ga adireshin mutum ɗaya-ɗaya maimakon duk wanda ya samu mahaɗin.